Baban Futi Yana Zaune a Cho Oyu

Thame, dankali ya fara tsiro

Ƙanwata Yangjin,

Gaisuwa mai yawa daga gida. Ina fata takardar nan ta same ki da yatsunki cikakku, tunda abin da ake fara tambaya ke nan a gidan masu hawan dutse. Ama, uwarmu, tana nan, gwiwoyi ne dai suka ƙi, yanzu sai da sanda take zagaya ɗakin ibada. 'Yata Futi ta shiga aji bakwai, ta fi ni tsawo, ta kuma fi ni baki. Shanunmu biyu sun haihu.

Mun ji ki a rediyo. An ce babban dutse na shida ke nan da kika taka ƙolinsa. Ama ta yi kuka, ta yi ta raba wa maƙwabta shayi. Ni ma na taya ki murna, kada ki ce ban faɗa ba.

Ran Asabar na sauka kasuwar Namche da man shanu. Na shiga wani masaukin baƙi in sha shayi, sai ga Bature ya baje littafi a tebur yana nuna wa abokansa hotuna. Matar gidan ta yi wuf ta ɗora hannu a kan shafin tana cewa, "Chamji, zo kicin, shayin can ya fi zafi." Ai hannun nata ne ya sa na duba. Baban Futi ne. Ba zan rubuta sunansa ba, shekara huɗu ke nan ban kira shi ba, kamar yadda aka hore mu a kan mamaci. Yana zaune ya jingina da dutse, kai a sunkuye, cikin shuɗiyar rigar nan da na yi wa faci da jan zare. Facin ma ya fito raɗau. Na sa aka fassara mini rubutun da ke ƙasa. Wai in mai hawa dutsen Cho Oyu ya iske mutumin da ke zaune, to saura awa biyu ya kai ƙoli.

Mijina ya zama alamar hanya, Yangjin! Ke kuma kika dube ni kika ce dusar ƙanƙara ta rufe shi tun shekarar farko. Sau uku kika koma dutsen nan, hawa da sauka sau shida ke nan kina wucewa ta gabansa, ki zo gida ki ci tuwon dankalina bakinki gum.

Lama, malamin addininmu, ya ƙona takarda mai sunansa da tufafinsa, na sani, ina wurin. Amma takarda ba mutum ba ce. Tokar ubansa da ta kakansa suna cikin ginin duwatsun da ke saman gari, gurbinsa kuwa babu komai. So nake a ƙona shi kamar kowa, a sa shi kusa da ubansa. Ke ce gwanar duwatsu, ki sauko mini da shi. Na rantse gara a ce babu idon da zai sake ganinsa har abada, har da nawa, da a ce kowane baƙo ya tsaya yana ɗaukar sa hoto.

Yayarki,
Chamji

Boudha, Katmandu, farkon damina

Aji Chamji, yayata,

Na gaishe ki, na gaida Ama, na gaida Futi mai baki. Yatsun hannu goma suna nan. Na ƙafa takwas ne, biyu sun tafi a dutsen Makalu, likita ya ce in gode da abin ya tsaya nan. Tarin ma bai sake ni ba. Kada ki faɗa wa Ama.

Takardarki ta yi kwana goma sha tara a hanya. A tsaye na karanta ta a bakin ƙofa, sannan na zauna na sake. E, ƙarya na yi miki. Iskar wurin ba ta barin dusar ƙanƙara ta kwanta, yana nan yadda kika gan shi. To me kike so in ce miki a lokacin, kina kwance ba ci ba sha, ga yarinya 'yar shekara tara tana kallon bakinki?

Duk wucewa sai na tsaya. In rufe masa fuska da farin ƙyalle, in danne da dutse, kafin in sauko iska ta yi gaba da shi. Ina ba shi labarin Futi, baƙin da nake ja suna bayana suna buga ƙafa, iskar kwalbarsu tana ƙarewa.

Kina cewa in sauko da shi sai ka ce buhun dankali ne a kan rufi. Aji, a can sama sai mutum ya ja numfashi biyar kafin ya ɗaga ƙafa ɗaya. Ya manne da dutsen, ƙanƙara ta ninka nauyinsa. Aikin maza takwas ne ƙarfafa, cikin takwas ɗin ma ba mamaki dutsen ya riƙe ɗaya. Kina tsammani ban roƙa ba? Bara na roƙi madugun ayarinmu. Ya ce, "Yangjin, kin san mutanenmu. Wa zai taɓa gawa a kan dutse, sannan a yarda ya kama igiya ɗaya da jama'a? Ja baƙonki ki bar mamaci ya huta." Wani daga bayan tanti ya ce, "Da ma sai da muka ce kada a zo da mace, ga shi ta fara kawo mana matattu cikin abinci." Suka bushe da dariya, alhali shayin da suke kurɓa ni na dafa shi.

Ina 'yar shekara goma sha biyar na fara dako, na yi shekara shida ina wanke tukwane a sansani. Mijinki ne ya fitar da ni daga tantin girki, ya ɗaura mini ƙusoshin takalmi da hannunsa, a lokacin da ke kanki kike cewa wa zai auri mace mai kafaɗun ɗan dako. Don haka kada ki yi mini magana kamar ke kaɗai kika yi rashi.

Ba ki taɓa tambayata yadda aka yi ba, to ga shi. Da hantsi muka kai wurin dutsen nan da ya jingina da shi, ya ce kansa na sarawa, zai ɗan zauna. Na ce mu juya. Ya ce, "Ke wawuya ce? Saura awa biyu fa. In kika juya yau, girki za ki koma har ki tsufa. Je ki, ki same ni a nan ki ba ni labari." Na tafi. Da na dawo na dafa kafaɗarsa ina cewa tashi mu tafi, na yi. Bai tashi ba. Hoton nan nawa da Ama ta rataya a bango, ina ɗaga gatari ina dariya, a lokacin yake mutuwa, ko kuwa ya riga ya mutu. Ƙolina na farko ke nan, kuma duk aikin da na samu daga baya daga hoton nan ya fito. Ina sane da wannan kullum, ba sai kin tuna mini ba.

Da kaka zan koma Cho Oyu da wasu baƙi.

Ƙanwarki,
Yangjin

Thame, tsakiyar damina

Yangjin,

Muna lafiya. Ama na gaishe ki.

Na karanta. Mutum ya ce miki kansa na sarawa a wurin da ciwon kai ke kisa, ya ce je ki, ke kuwa sarauniyar biyayya kika tafi. Tun kina yarinya ba a taɓa ce miki zauna kin zauna ba, sai ranar nan kaɗai kika ji magana, don an faɗi abin da kike so ki ji. Shi kuma haka yake, ko ƙafarsa ce ta karye cewa zai yi ku je ina tafe. Kin san halinsa sarai.

Yatsunki biyu na ji, na kuma ji haushi, amma ba su nake tambaya ba. Shafi uku kika cika kina faɗa mini abin da ba zai yiwu ba. Ke da ake kiran sunanki a rediyo don kin yi abin da aka ce mace ba za ta iya ba, sai a kan mijina ne kika gano akwai abin da ya fi ƙarfinki.

Kada ki sake rubuto mini sai kina da abin da kika yi.

Chamji

Thame, ƙarshen damina

Ƙanwata, autar Ama,

Gaisuwa da fatan tarin ya sauka. Ama ta ji sauƙin gwiwa tun da ruwa ya ɗauke. Mun fara tonon dankali, bana ya yi kyau.

Yangjin, za a sauko da shi! Zauna ki ji.

Bayan na aika miki waccan takardar mai zafi, sai na kasa zama. Kin ce aikin maza takwas ne, to na ce bari in nemo takwas ɗin. Na dafa giya tulu uku, na fara da gidan Kawu Urken, tunda ƙanin Ama ne kuma ya yi shekara ashirin yana madugu. Na cika masa ƙoƙo na tsaya a kansa. Ya dube ni ya ce, "Wannan giyar roƙo ce, ko? 'Yata, faɗi kafin in sha." Na ce sha tukuna, Kawu. Kin san wanda ya sha giyar roƙo ba shi da bakin cewa a'a. Da ya shanye na ajiye masa hoton a gwiwa, don na koma Namche na karɓo shafin. Ya daɗe yana kallo, sannan ya ce, "Ni na koya wa yaron nan ɗaurin igiya. Sauran gidajen tare za mu je."

Gida goma sha ɗaya muka shiga, bakwai suka sha. Lama ya ce zai yi musu hayaƙin tsarki kafin su tafi da bayan sun dawo, babu wanda zai ƙyamace su. Ya duba littafi ya ba da rana, kashegarin cikar wata na tara, lokacin ayarin baƙi duk sun watse. Za su bi ta mashigin Nangpa da yak huɗu, shanun nan na dako. Masu tsaron daji sun ba ni izinin itace, ni da Futi mun yi sawu ashirin da uku, an jera shi a wurin ƙonewa an rufe. Futi da kanta ta saƙa farin mayafin da za a naɗe shi.

Ga abin da nake roƙo. In baƙinki sun gama sun tafi, ki zauna a sansani ki jira su Kawu, ki kai su wurin. In kin wuce ta gabansa kafin nan, ki ƙara ɗaure shi da igiya kada iska ta yi mana ɓarna, ki kuma ce masa ya ƙara haƙuri kaɗan.

Maganganun da na faɗa miki, wasu ina kansu, wasu kuwa zafin zuciya ne. In mun tsaya tare a gaban wutar, sai mu bar su duka a can. Na aika wannan Boudha, ina fata ba ku tashi ba tukuna.

Yayarki mai jiran ki,
Chamji

Sansanin Cho Oyu, farkon kaka

Aji,

Ina gaida ku duka. Ki yi haƙuri da rubutun, da hannun hagu nake yi, na dama yana naɗe. Mun baro Katmandu da wuri bana, baƙin suna sauri, kuma tun takardarki ta tsakiyar damina ban sake jin ki ba. Kin ce kada in rubuto sai ina da abin da na yi. To na yi.

Baƙina sun kai ƙoli sun sauko. Wajen hawa, ɗaya daga cikinsu ya tsaya a gaban baban Futi ya ciro abin ɗaukar hoto, na buge masa hannu har abin ya kusa faɗuwa. Ya kai ƙarata wurin madugu, madugu ya ce bana ne aikina na ƙarshe da su. Oho dai.

Mu ne ayarin ƙarshe a dutsen. Da aka tura ni kwashe tantin sama, sai na bar tantin na wuce ni kaɗai, ba kwalbar iska, ban faɗa wa kowa ba. Na isa wurinsa rana na tsaka. Na ce masa, "Yaya, Aji ce ta aiko ni." Awa uku na yi ina saran ƙanƙara a kewaye da shi da gatari, a hankali, don kada in taɓa jikinsa da ƙarfe. Da na zo bayansa inda rigar ta manne da dutse, sai da na cire safar hannu, a nan yatsun suka kamu. Fuskarsa ba ta lalace ba, Aji, ta yi fari ne kawai, kamar mai barcin gajiya.

Na watsa shinkafar da lama ya yi wa addu'a, na rataya masa farin ƙyalle, na karanta duk abin da na iya har muryata ta ƙare. Sannan na ja shi zuwa bakin gangaren yamma. Haka masu hawa suke yi wa nasu in saukowa ta gagara. A ƙasan wurin akwai tsagar ƙanƙara mai zurfin da ba a ganin ƙarshenta, babu hanya ta can, babu wanda ya taɓa bi, babu kuma wanda zai bi. Na riƙe shi na daɗe kafin in saki. Na ga ya shiga.

Na zauna a gurbinsa na yi kukan da ban yi ba shekara huɗu. Kin ce gara babu idon da zai sake ganinsa, har da naki. Na yi ta juya maganar nan duk damina, na ga ita kaɗai ce a cikin abin da kika nema nake da ikon ba ki. Yanzu babu mai ɗaukar sa hoto, babu mai auna hanya da shi.

Na ce wa madugu tantin ne ya daskare ya ci mini yatsu. Ki bar maganar tsakaninmu, in aka ji na taɓa gawa babu ayarin da zai sake ɗaukata. Gobe za mu tashi, asibiti zan wuce kai tsaye, daga can zan sa a aika miki wannan. Yau na ji nauyi ya sauka daga kaina, ina fata ke ma haka.

Ƙanwarki,
Yangjin

Boudha, watan tara

Aji,

Yau aka sallame ni, yatsu biyu aka cire. Matar gidan da nake haya ta miƙo mini takardarki, ta ce kwana uku da tashinmu ta iso, ta ajiye mini a bayan hoton lama don kada ta ɓata.

Na karanta. Na je na tambayi kwanan wata, aka ce cikar wata ta wuce da kwana shida.

Wayyo Aji. Sawu ashirin da uku. Mayafin Futi.

Na je filin jirgi, sun ce gajimare ya rufe Lukla, inda jirgin gida ke sauka, babu tashi. Ban san ko tawa ta riga su Kawu ba. Ban san me zan rubuta ba. Ki faɗa mini in zo ko kada in zo.

Yangjin

Thame, sanyi ya shiga

Yangjin,

Ama lafiya lau, Futi ma. Takardunki biyu sun zo rana ɗaya, kwana tara bayan su Kawu sun dawo.

Kin ba ni labarin ranarki filla-filla, bari in ba ki na tawa. Mun hango su da hantsi suna gangarowa daga hanyar Nangpa. Duk gari ya fito. Lamomi suka fara busa ƙaho, mata suka jeru da fararen ƙyallaye, an buɗe itacen an zuba masa man shanu. Ni ce a gaba, Futi na gefena ta rungume mayafi. Yak na farko ya wuce, na biyu ya wuce. Na uku shi ne mai makara, makarar kuwa igiyoyi ne kawai ke lilo a jikinta. Masu ƙaho ba su gani ba, suka ci gaba da busa har sai da wani ya je ya taɓa su.

Kawu ya zo gabana, leɓɓansa duk sun tsage. Ya ce, "Chamji, babu shi. Ba iska ba ce. Ga sawun gatari nan a kewaye da gurbin, sabo fil. Wani ɗan banza ya sare shi ya jefar don ya share wa baƙi hanya." Sun jira ki kwana biyu a sansani, da ba su gan ki ba suka hau da kansu. Tenji, mai 'ya'ya huɗu, wanda na tsaya a kansa sai da ya shanye giyata, ya baro yatsun ƙafa uku a can.

Futi ta zube ƙasa. Ni kuwa ban yi kuka ba. Na juya na dafa itacen nan, a gaban lama da duk mutanen Thame, na ɗaga murya na ce, wanda ya yi wannan, ko wane ne, kada ya ga wutar ƙonewa. Dutse ya riƙe shi, ya zauna a can a daskare, kada nasa su sami ko gashin kansa. Sau uku na faɗa. Gari ya amsa. Ama ma ta amsa, da sandarta tana buga ƙasa.

Sai ga takardarki.

Na karanta inda kika ce Aji ce ta aiko ni. Ban aike ki ba. Mace ta faɗi magana cikin kuka, ke kuma kika ɗauke ta kika hau dutse da ita ba ki tambayi kowa ba, yadda kika saba. Na san don ni kika yi, na san abin da ya ci miki. Sanin bai rage mini komai ba, na gwada.

Babu wanda na faɗa wa. Na je wurin lama na tambaye shi, kamar zancen wasu nake, yadda ake janye baki irin wannan. Ya ce abin da aka faɗa a gaban jama'a a gaban jama'a ake janye shi, kuma sai an kira sunan mutumin. Wato in tsaya a gaban Kawu, da matar Tenji, da Futi, da Ama, in ce Yangjin ce. Sau biyu ina kaiwa ƙofar ɗakin ibada ina juyowa. Wata rana tsoron abin da zai sami Ama ne yake juyo da ni. Wata rana kuwa, gaskiya zan faɗa miki, ba na son janyewar ne.

Kin tambaya ko ki zo. Ban sani ba. Abu ɗaya na sani. Duk ayarin da ya neme ki da bazara, ki ce hannunki bai warke ba. Kada ki hau kowane dutse, Yangjin, babba ko ƙarami. Ban janye ba tukuna.

Yayarki,
Chamji